Na Rage wa Malam Sidi Mudu

Ranar Laraba bayan azahar ina zaune a rumfata ta bakin iyaka, ina cike wa wani direban Maraɗi takardun kwastan, sai maƙwabcin Malam Sidi ya tsaya da babur. Ko sauka bai yi ba ya ce mini Malam ya cika, da la'asar za a kai shi. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Direban ya ja takardunsa da kansa, ya ce in tashi in tafi. Na tashi, amma Allah ya sani ba baƙin ciki ne ya fara zuwa mini ba. Tsoro ne, domin akwai abin da na yi wa Malam kwana goma sha ɗaya kafin wannan rana, kuma shi ya sa nake wannan rubutu.

Malam Sidi shi ya koya mini Turanci a sakandaren Jibiya, da ni da kusan duk mai riƙe biro a bakin iyakar nan. Dogo ne, siriri, ba ya sauri a tafiya, ba ya sauri a magana. Abin da ya fi damunsa a darasi shi ne 'yan ƙananan kalmomin da ake sa wa siffa a gaba don a ƙara mata nauyi ko a rage. Yakan ce magana ma mudu gare ta. "Very" mudu ne cike har da tozo. "Too" kuwa mudu ne da ya cika ya zube ƙasa, abin ya wuce amfani. In Bature ya ce "not very good", kunya ce ta hana shi cewa abin ya lalace. In ya ce "not bad", yabo ne ya miƙo da hannun hagu. Mu dai dariya muke yi, muna kwaikwayon muryarsa a bayan aji.

Wannan "not bad" ita ce iyakar yabon Malam. Shekara uku ina ajinsa, na zo na ɗaya sau huɗu, ban taɓa ganin fiye da ita a littafina ba. Wata rana na yi ƙarfin hali na tambaye shi dalili. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Hamisu, in na ba ka mudu cike yau, gobe in ka fi haka da me zan auna maka?"

Da ya yi ritaya sai ƙofar gidansa ta zama wurin karatun takardu. Mutanen Maraɗi da suka yi lakwal, wato boko da Faransanci, da manoman Daddara da Bugaje da ba su yi boko ba, duk wanda likita ya ba takarda da Turanci nan yake nufa. Malam ba ya karɓar ko goro. Yakan karanta sau biyu a zuci, sannan ya faɗa da Hausa daidai yadda take. Na ga ranar da wani ɗan dako ya kawo takardar matarsa, ƙanensa na ta yi wa Malam ido don ya sassauta. Malam ya ƙi kallonsa. Ya faɗa wa mutumin ciwon ya yi nisa, ya ce ya koma da ita gida wurin iyayenta. Da suka tafi na ce ai da ya ɗan rage, sai ya ce mai rage wa majinyaci magana ɓarawon kwanakinsa ne, don da ya sani da ya san abin da zai yi da su.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a aka shiga kasuwa ana duba mudun 'yan hatsi, ana ƙwace masu bugaggen gindi, Malam ya ji daɗi ƙwarai. Sai dai ya ce saura kwamitin da zai bi mutane ya duba mudun bakinsu, kuma ya san wannan ba za a samu mai shugabantarsa ba.

Ba zan ce ba shi da aibi ba, don da yana raye ba zai yarda ba. Ma'aunin nan nasa ya yi wa iyalinsa tsauri. 'Yarsa ɗaya ce, Rakiya, wadda ke aure a Maraɗi. Tun tana ƙarama duk abin da ta yi, girki ne ko jarrabawa, "ba laifi" kawai take ji. Ta girma tana ganin ba ta taɓa isarsa ba. Zuwanta na ƙarshe ta faɗa masa haka a gaban mahaifiyarta, Inna Hajo. Ta tafi da kuka, aka shekara ba ta zo ba. Bana ta haihu, aka sa wa yaron sunansa.

A lokacin yanar ido ta rufe wa Malam gani, ga kumburin ƙafa, ga haki. Aka kai shi asibiti a Katsina, aka dawo da takarda a ambulan. Mutumin da ya karanta wa rabin gari takardu, tasa ta gagare shi. Ya aika aka kira ni da hantsi. Na same shi a zaure bisa tabarma, ya miƙo mini ita, ya ce:

"Karanta mani yadda na koya maka. In babu lokaci, gobe a ɗauke ni a kai ni Maraɗi ko a kwance ne. Akwai maganar da na riƙe wa ɗiyar nan shekara ashirin, ina so ta ji ta daga bakina. In kuwa da sauran kwana, sai in bari ƙafar ta saɓe in tafi da kaina, kada ta gan ni haka tana cikin jego."

Na karanta sau biyu a zuci, kamar yadda yake yi. Babu abin da ban gane ba. Likita ya rubuta zuciyar "too weak", raunin ya wuce a yi aiki, kuma ba a sa ran sauƙi. Mudu ne da ya zube ƙasa. Na ɗaga kai na ga idanunsa farare suna nemana ta inda ba na zaune. Wallahi bakina ya kasa. Na ce masa an rubuta ɗan rauni ne kaɗan, da hutu da magani za a ga sauƙi. Na faɗa wa kaina tausayi ne, na ce ramukan hanya za su ƙarasa shi. Ƙarya nake yi. Kaina na tausaya wa, ba na so ya ji daga gare ni.

Ya yi hamdala. Ya ce to kada kowa ya tayar wa Rakiya hankali, bayan ta yi arba'in zai je. Daga rumfata zuwa Maraɗi tafiyar awa guda ce. Kullum motoci na wucewa ta gabana, direbobin duk sun san ni, ko wanne na roƙa zai kai saƙo. Kwana goma sha ɗaya ina cewa gobe zan koma in gyara maganata.

Rakiya ta iso an riga an dawo daga maƙabarta, jariri a bayanta. Washegari na shiga yi wa Inna Hajo gaisuwa, ina fata ta ce mini Malam ya gane, ya ƙyale ni ne kawai. Sai ta ce ita tun farko hankalinta bai kwanta ba, ta so a kai takardar wani ya sake dubawa, Malam ya hana. Ya ce mata tunda Hamisu ne ya karanta, babu ragi babu ƙari. Tana faɗa tana sa mini albarka.

Ina fitowa Rakiya ta biyo ni zaure, ta tsaya daidai inda tabarmarsa take. Ta ce, "Yaya Hamisu, an ce kai ka zauna da shi. Ya ce wani abu a kaina?" Na ce ya ce yana da maganar da zai faɗa miki. Ta ce wace magana? Na ce ban sani ba. Wannan dai gaskiya ce, kuma babu mai rai da ya san ta yanzu. Ta gyara goyonta ta koma ciki.

Ban iya faɗa musu baki da baki ba, shi ya sa na rubuta, kuma da Hausa, don kowa a gidan ya ji ba tare da mai fassara ba. Ba na neman a ce mini ƙaddara ce. Kwanansa ya ƙare, na sani, amma tafiyar Maraɗi ni na hana.

Allah ya jiƙan Malam Sidi, ya haskaka kabarinsa, ya cika masa mizani fiye da yadda ya auna wa mutane, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba Inna Hajo haƙuri, ya raya takwaransa bisa gaskiya. Rakiya kuwa, Allah ya haɗa ta da mahaifinta a inda zai faɗa mata abin da na hana ta ji. Ni kuma Allah ya yafe mini, in sun yafe. Amin.