Ranar da na kashe hannun mahaifina

Shekarun baya, can farkon samun mulkin kai, lokacin da mu ƴan lakwal, wato ƴan boko, muke jin ƙasar a aljihunmu take, na samu aikin komi, wato akawu, a Dogon Dutsi. Aikin bai wuce kwafar takardu ba, amma in ka ga tafiyata cikin wando mai guga, sai ka rantse ni na kori Nasara.

Abu ɗaya nake ɓoyewa. Mahaifina mai goge ne a Matankari, gogen bori kuwa, wanda ake kiran iskoki da shi. Duk takardar da ta tambayi sana'ar uba, manomi nake rubutawa. Kunyarsa nake ji, ba sai na yi kwana-kwana ba.

Wata rana wani ma'aikacin gidan rediyo ya sauka wurinmu da akwatin ɗaukar murya. Zagayen ƙasa yake yi, yana tattara kiɗan goge na kowane yanki. Ya kunna mana na Zabarma, ya kunna na Gobir, har da ƴar kukuma mai siririyar murya da ya ɗauko wajen wani baƙo daga Kano. Ya ce na yankinmu, ƙasar Arewa, kaɗai ya rage masa. An ba shi labarin wani tsoho a Matankari mai goge da babban ƙoƙo, muryarsa ƙasa-ƙasa, wanda ya gaji taken kowace doguwa cikin iskokin bori daga kakansa, kuma babu sauran wanda ya san su duka.

Abokin aikina, wanda ya san sirrina, ya yi murmushi ya ce, "Ai ga ɗan Matankari nan, tambaye shi."

Idanu suka dawo kaina. Na gyara zama na ce, "Na san tsohon. Hannunsa ya mutu tun bara, ba ya iya riƙe goge."

Mutumin ya ce Allah sarki, ya ja layi a takardarsa, washegari ya wuce Kore Mairuwa.

Ran Asabar na je gida, na tarar da mahaifiyata tana surfe. Ba ta amsa gaisuwata ba. Ta ce labarin mai akwati ya riga ni isowa. Da tsoho ya ji ana nemansa, sai ya taka da ƙafa har wani ƙauye, wajen amininsa mai doki, ya samo sabuwar izga ya ɗaura wa gogen. Ya shafa mata ƙaro, ya sa farar rigarsa, ya yi kwana uku yana zama ƙofar gida yana duban hanya. A rana ta huɗu wani direba ya kawo masa abin da na faɗa, da sunana a kai.

Na samu mahaifina a ɗaki, gogen a cinyarsa. Ya miƙo mini hannunsa yana motsa yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Ɗan nan, kai da ka yi karatu, duba mini. Wane yatsa ne ya hwara mutuwa? Ni ban jiya ba."

Na durƙusa na ce, "Baba, ka yahe mini. Gobe in tahi in maido mai akwatin."

"Ka tahi ka ce mai mi? Ka ce ka yi ƙarya gaban manyanka?"

A gidanmu ba a sassauta izgar goge sai mai shi ya rasu. Ina kallo ya kwance ɗaurin da kansa, izgar ta yi laƙwas. Ya rataye gogen a bango ya ce, "Tunda ɗana ya hwaɗi, ni ba ni maishe shi maƙaryaci."

Bai ƙara taɓa shi ba. Masu bori sun yi ta zuwa roƙo, yakan ce su yi haƙuri, hannu ya mutu. Damina biyu ya ƙara a duniya, kuma ko sau ɗaya bai tada maganar ba. Da ma zagina ya yi, da na samu sauƙi.

Mutane kan ce mini ƙuruciya ce. Ni dai na san abin da na yi: don kada mutum huɗu su yi mini dariyar yini ɗaya, na binne kiɗan kakanni uku. Har yau in rediyo ta saki gogen Zabarma ko na Gobir, rufe ta nake yi, don na san wanda ba zai biyo baya ba.

Gogen yana nan ɗakina, fatar ta tsage. Kwanan baya jikata ta tsaya tana kallonsa, ta ce, "Kaka, wannan yaya kukansa yake?" Na buɗe baki in kwaikwaya mata ko take ɗaya. Sai na tarar ban riƙe ko ɗaya ba, don duk lokacin da yake kaɗawa, ficewa nake yi daga gidan.