Shekarar da Ruwa Ya Tafi da Yayana

A shekarar da kogin Gashuwa ya cika har ya shanye gonakin shinkafa, yayana ya fita kamun kifi bai dawo ba. Ina Nguru a lokacin, ina koyar da kimiyya a wata sakandare. Kafin in iso gida, masunta sun tsinci kwalekwalensa a kife wajen Dagona, ya maƙale cikin kacalla, ciyawar nan mai toshe hanyar ruwa. Shi kuwa ko hularsa ba a gani ba.

An yi ta nema har ruwa ya fara janyewa. Da dattawan masunta suka ce a haƙura, ban yi musu ba. Na ga ƙarfin ruwan nan da idona.

Mahaifiyarmu ce ta ƙi.

Na same ta a tsakar gida tana gyaran kuka. Na durƙusa na ce, "Inna, mutane na son shigowa ta'aziyya."

"Ta'aziyyar wa?"

"Ta Yaya."

"Ka ga gawarsa?"

Na ce ban gani ba.

"Ba kai ne kullum kake cewa kada a yarda da abu sai da shaida ba? Da na ce maka akwai mutanen ɓoye a tsamiyar bakin kogi, dariya ka yi, ka ce in nuna maka. To, yau ni ke cewa ka nuna mini."

Na tafi wurin limamin unguwarmu, ina sa ran zai zo ya yi mata nasiha. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Abin da Allah Ya ba mu labarinsa mun gaskata, ko ba mu gani ba. Amma ba a saukar wa kowa wahayi a kan yayanka ba. Kai alamu ka bi, kuma alamunka masu ƙarfi ne. Ita tana kyautata zato ga Ubangijinta. Wanne zan je in hana?"

Haka na koma Nguru da makokin da ba ni da abokin yinsa. A gida ba a cewa marigayi. A makaranta malamai sun yi mini gaisuwa sun ci gaba da harkokinsu. Bayan kowace salla ina roƙa masa gafara irin ta mamata, ina sane cewa a Gashuwa Inna na roƙon a dawo mata da shi. Wani lokaci sai in ji kamar addu'ata na ja da tata, in kasa ƙarasawa.

Wata rana wani dillalin awaki ya ce ya ga mai kama da shi a kasuwar Dapchi. Inna ta ce in je. Na hau akori-kura ina jin haushin kaina. Na wuni ina leƙen fuskokin mutane. Wajen la'asar na hango wani dogo ta baya, kafaɗarsa ɗaya a karkace kamar ta Yaya. Ban san lokacin da na fara gudu ba, har na ture wa wata mata ƙwaryar nono. Da ya juyo, sai ga baƙuwar fuska. Na zauna a gindin wata rumfa. Ashe ni ma ban gama binne shi ba.

Da shekaru suka tura, alƙali ya yanke hukuncin a ɗauke shi a matsayin mamaci, matarsa ta yi takaba ta ɗauki 'yarsu ta koma wurin iyayenta a Jakusko. Inna ba ta hana ba, ba ta kuma raka su ƙofa ba. Ta rasu tana jiransa. Tun daga ranar babu sauran mai cewa yana raye, sai na tarar ina kewar jin hakan.

Bara aka ɗaura wa 'yar tasa aure, ni ne waliyyi. Mai shela ya sunkuyo ya tambaye ni a hankali, "Malam, in ce 'yar marigayi wane?"

Jama'a na jira, an riga an raba goro.

Na ce, "Faɗi sunansa kawai."