Yadda Baba Sallau Ya Mai Da Ni Gawa a Safana

Ku da kuka san Baba Sallau kun san bai taɓa yarda cewa shi majinyaci ba ne. Duk ranar taron majinyata shi ne na farko a gindin tsamiyar bayan asibitin Batsari. Zai shimfiɗa buzunsa, ya jingine sanda, in baƙo ya yi kuskuren ce masa "ya jiki?" sai ya ɗaure fuska ya ce, "Jikin wa? Ni rakiya na yo." Wanda ya rako ɗin, wani ƙanen matarsa daga Ruma, ya warke tun tuni, ya koma kiwonsa. Baba Sallau yana nan yana rakiya. Ƙwayar magani kuwa in an miƙo masa yakan haɗiye, wai don kada kayan gwamnati su lalace.

Ni dai kawo ni aka yi. Na dawo daga yaƙin basasa da hannuwana da ƙafafuna, amma bakina ya ƙi biyo ni. Sai dai in gyaɗa kai ko in girgiza. Lokacin kuɗin mai sun fara shigowa, kowane malamin makaranta ya sayi babur, kuma duk babur ɗin da ya yi ƙara a kasuwa, ƙarƙashin teburin mai nama za a tsince ni. Matata Hajara ta yi haƙuri iyakar yinta, daga baya mahaifinta ya zo ya tafi da ita gidansu a Safana, ya ce sai na dawo mutum. Yayana ne ya kai ni wurin Malam Isa, malamin asibitin da ya tara masu ciwon ƙwaƙwalwa irina. Bayan an sha magani sai a zauna a yi saƙa, a yi waƙa, wani lokaci a yi wasan kwaikwayo. Mutanen gari suna tsoron tsamiyar nan saboda aljanu. Baba Sallau ya ce su kwantar da hankalinsu, tun da muka tare aljanun suka kwashe kayansu.

Ran da na fara zuwa ya dube ni sama da ƙasa, ya tambayi yayana muƙamina a soja. Yayana ya ce farabiti ne.

"To na ba shi kofur," in ji Baba Sallau. "Zauna, Kofur."

Ƙarin girman da na taɓa samu ke nan a duniya.

Aka ba ni kaba in saƙa malfa. Na daɗe a kanta, ina jin kaina gwani. Da na gama, abin ya fito da faɗi ta gefe ɗaya, tsini ta ɗaya gefen, kai kuma ba ya shiga ta ko'ina. Na ɗaga zan jefar, Baba Sallau ya riƙe hannuna, don shi ko zare ba ya bari a yar. Ya tafi da ita gida ya sa wa kazarsa. Daga ranar, duk wanda ya zo sai ya ba shi labari cewa kazar tana ganin malfar Kofur ta firgita, ta fara yin ƙwai safe da yamma.

Shi ne makaɗinmu, gangarsa kuwa garwar kananzir ce. Ran farko da ya ɗaka mata sanda, ban san lokacin da na haye tsamiya ba. Da ƙyar aka sauko da ni. A taro na gaba sai ya zo da garwar cike da tsummoki, yana ta dukanta da gaske, ba abin da ke fita sai ɗan tif-tif. Masu waƙa suka ce ba sa jin kiɗa.

"Ku kasa kunne," ya ce. "Ganga ce mai ladabi."

Haka ya riƙa zare tsumma ɗaya-ɗaya, ban lura ba, har ranar da na ga ina tafi garwar tana ƙara sosai.

Sai Malam Isa ya ce mu shirya wasa mu kai Safana, don mutane su daina ɗaure marasa lafiya a turu suna duka. Baba Sallau ya ƙwace shugabanci, wai ai ɗan rakiya ne kaɗai mai cikakken hankali a cikinmu. Labarin wani ne da danginsa suka ɗaure shi har ya mutu. Aka rarraba kowa, ya juyo kaina.

"Kofur, kai ne gawa. Ba wanda ya fi ka iya shiru."

Na ji haushi, amma na gyaɗa kai, don na ji za a lulluɓe ni, surukina ba zai gane ni ba. Muka yi ta gwaji, yana ta gyara mini. "Kofur, gawa ba ta sosa kunne."

Muka hau a-kori-kura zuwa Safana, aka taru a filin makaranta bayan la'asar. Can na hango surukina a sahun gaba, Hajara kuma tana cikin mata. Malam Isa ya ce a samo babban mayafi, Baba Sallau ya ce ɓarna ce, ya zaro wani guntun zane. In an rufe kai ƙafa ta fito, in an rufe ƙafa kai ya fito. Ya tsaya ya yi nazari, ya rufe ƙafafun, ya ce sun fi muni. Tabarmar da zan kwanta a kai kuma ya shimfiɗa ta inda ya ga dama, ashe bakin ramin cinnaka ne.

Na kwanta, ya fara makoki. Ya yabi mamacin, ya yabi ubansa, ya gangara kan kakansa. Cinnaka suka shiga wandona. Na cije, na tuna ni soja ne. Da ya kama lissafin dangin uwa, sai na ji ni a tsaye, murya tana fita daga bakina:

"Baba, don Allah ka taƙaita, cinnaka za su kashe ni!"

Sahun gaba ya watse, har da surukina, ya bar takalmi ɗaya. Baba Sallau ko gezau. Ya ɗaga hannu ya ce, "Jama'a, kun dai gani. Wannan ƙwaya ɗaya tak ya sha. Ku kawo naku tun suna da rai."

Da dariya ta lafa, surukina ya dawo neman takalminsa, ya tsaya a gabana ina ta susa.

"Ashe kana magana?"

Na durƙusa na ce, "Ina yi, Baba, in ta kama."

Hajara tana bayansa, ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Ban warke a ranar ba, na daɗe ina shan magani. Amma da aka girbe gero ta dawo ɗakinta.

Sai da Baba Sallau ya rasu, a zaman makokinsa, matarsa ta gaya mana cewa ɗansu ɗaya namiji ya tafi yaƙin nan bai dawo ba, kuma ranakun da babu taro, Baba Sallau ba ya fitowa daga ɗaki, ko fura ba ya sha. Mu da ya yi ta ba dariya, ba wanda ya sani a cikinmu.

Allah ya jiƙan Baba Sallau, ya yafe masa, ya haɗa shi da ɗansa a Aljanna. Amin.