Tsanin Baba Ilu Sharhi

Duk wanda ya san Baba Ilu, wan mahaifina, ya san ba a riƙe masa tsani. Idan zai hau rumbu ɗebo dawa, shi zai jingina abinsa, ya girgiza shi, ya kori kowa daga gindin. Ka kuskura ka kai hannu don taimako, sai ka ji tsawa daga sama: "Kai, cire hannunka! Wanda ya riƙe maka tsani ka hau, shi ka da ikon sauko da kai." Wata rana tsanin ya zame, muka tsince shi cikin ƙaiƙayi yana nishi. Ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "Alhamdu lillahi, ni na ka da kaina. Ba hannun waje."

Hannun waje! Ai wannan kalma ita ta jawo masa suna Sharhi a ƙauyenmu da ke bayan Damari. Kullum da hantsi yana gindin ɗorawa da tsohuwar rediyonsa wadda aka ɗaure da roba. Da an gama labarai zai zare batiran ya shanya su a rana kamar kuɓewa, wai su ma su huta. Wani ɗan siyasa ya taɓa aiko masa da sabuwa fil a kwalinta. Ko buɗewa bai yi ba. Ya ce wa ɗan aiken, "Mai da mishi abu nai. Rediyon kyauta labarin mai ita taka karantawa."

Ranar da aka ce an hamɓarar da shugaban wata ƙasa mai nisa bayan asirin satarsa ya tonu, majalisa ta kacame. Malam Audu tela ya rantse Turawa ne suka kitsa komai, Lawal mai babur ya ce ƙarya ne, ɓarawo ne talakawa suka kora. Har an fara nuna juna da yatsa. Baba Ilu yana ta ɓantarar goronsa, sai da suka gaji ya ce, "Lawal, ka yi gaskiya, sai bango ya tsage ƙadangare ka samun wurin shiga." Lawal ya washe baki. "Audu, kai ma ka yi gaskiya. Ƙadangaren ba gyaran bango ya zo yi ba." Mutumin da bai taɓa wuce Kankara ba, amma ka ce da shi aka yi juyin mulkin!

Mu dai dariya muke yi, har shekarar da abin ya faɗo cikin gidanmu. Mahaifina ne shugaban ƙungiyar manoman garin. Aka kawo takin zamani don a raba, sai ga wasu buhunan a gonar surukinsa. Magana ta fasu. Wanda ya fara tsire shi a bainar jama'a kuwa yayansa ne: "Mamman, ka ci amana, kuma ka ci ta da miya." Kwana da kwanaki mahaifina bai iya fita masallaci ba.

Ana cikin haka wani babban dillalin hatsi ya iso daga birni da mota mai baƙin gilashi. Ya ce tausayinmu ya kawo shi. A cire mahaifina a ɗora Lawal, shi kuma zai kawo taki da tarakta, illa dai in kaka ta yi, masararmu shi kaɗai za a sayar wa. Matasa suka ɗauki zafi, har da masu cewa a kori mahaifina daga garin gaba ɗaya. Ni na tsorata ƙwarai, don na ga gidanmu na shirin watsewa, masarar gari kuma na shirin komawa hannun baƙo.

Ranar taro dillalin ya zauna a kujerar gaba, ana ta raba goronsa. Baba Ilu ya miƙe, rediyo a hammata.

"Alhaji, sannu da hanya. Ko za ka ɗan jira cikin mota? Faɗan gida za mu yi."

"Ai Baba don ku na zo."

"Shi ya sa nike jin tsoro."

Aka kwashe da dariya, mutumin ya fita yana gyaran hula. Sannan Baba Ilu ya juyo ga Lawal. "Ɗana, mi kaka gani in ka hau? Ran da ka ce masara ta yi araha, wa ka riƙe da tsaninka?" Lawal ya sunkuyar da kai. Daga nan Baba Ilu ya ɗaga hannu sama, ya ce, "Ni Ilu, ni na fara cewa a sauke ƙanena. Mu munka ɗora shi, mu za mu sauke shi, ya mai da takin mutane. Amma ba mai korar shi garin ubanshi don daɗin bakin baƙo." Aka sauke mahaifina, aka ɗora Malam Audu tela, motar nan ta juya da ƙurarta. Da magariba sai ga Baba Ilu a zaurenmu da kwanon tuwo, ya ce, "Mamman, wanko hannu. Tsohon shugaba ma shina cin abinci."

Wani ƙauye ta wajen Faskari sun karɓi tayin dillalin. Kaka biyu aka yi, shugabansu ya yi ƙorafin farashi, dillalin ya sa aka canja shi. Da labarin ya zo, Baba Ilu batiransa kawai ya juya a rana.

A kakar da ta zama ta ƙarshe gare shi, gwiwoyi sun ƙi, amma ya dage sai ya hau rumbu da kansa. Ya jingina tsanin, ya girgiza shi, ya daɗe yana kallonsa. Muna tsaye nesa kamar yadda ya koya mana. Sai ya waiwayo ya dubi mahaifina, ya ce a hankali, "Mamman, zo riƙe mani." Mahaifina ya riƙe da hannu biyu, hawaye na zuba cikin gemunsa.

Allah ya jiƙan Baba Ilu, ya haskaka kabarinsa. Ya Allah, bawanka bai yarda da hannun kowa ba sai na ɗan'uwansa, ka riƙe shi da naka. Amin.