Mijin Popo Ya Zo daga Kano

A duk shekarun da na yi ina aikin tafinta a ofishinmu na kago, wato jigilar kaya, da ke unguwar Xiaobei a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, ranar da ban taɓa mantawa da ita ba wata Asabar ce cikin dogon hutun makaranta. Ku da kuka shigo aikin kwanan nan kun san tsarin: baƙo ya sauka, a ɗauko shi, a raka shi kasuwar Baima ko masana'anta, a tsaya tsakaninsa da mai kaya. Tun ranar da na fara, Lawban, wato maigidanmu, ya kafa min doka ɗaya. Idan magana ta fito da zafi, in sanyaya ta kafin ta isa kunnen ɗaya ɓangaren. Na kuwa ƙware, har ina taƙamar ba a taɓa tashi baram-baram a gabana ba.

A wannan zuwan, Hajiya Binta, tsohuwar kwastomarmu daga Kano, ba sari ne ya kawo ta ba. Ta zo da yara biyu da take riƙo, Ummi mai shekara sha biyar da ƙaninta Sadiƙ mai sha uku. 'Ya'yan ƙanin Hajiya ne, wanda ya auri 'yar garin nan. A Guangzhou aka haife su. Uwar ta rasu suna ƙanana, uban ya kai su Kano, shi ma bai daɗe ba. Yanzu ta kawo su su ga ƙasar haihuwarsu, su kuma gana da kakarsu ta wajen uwa, wadda ake kira Popo.

A cikin jirgin ƙasa, muna hanyar gidan Popo, yaran nan kamar su tashi sama don murna. Sadiƙ na bin kowa da "ni hao", gaisuwar Sinawa, har da wani bawan Allah da ke gyangyaɗi, Ummi kuma ba abin da ba ta ɗauka a hoto ba. Hajiya ce kawai ba ta cikin murnar. Da muka sauka ta ja ni gefe ta ce, "Maryam, shekara goma ina gaya musu suna da kaka a Sin. In tsohuwar nan ta karɓe su kamar baƙi, ban san me zan ce musu ba a hanyar gida."

Abin da take gudu kuwa shi muka tarar. Popo 'yar ƙaramar tsohuwa ce, ta zauna a miƙe, fuska ba yabo ba fallasa. Ta yi ƙoƙari, don har taliya ta sayo mana daga shagon Musulmi. Yaran suka durƙusa suka gaishe ta, ta gyaɗa kai. Ta tambayi gajiyar hanya, ta tambayi ko ana zafi a Kano. Ni kuma ina ta juya ladabi zuwa ladabi, kusan rabin awa. Na lura idon Ummi ya fara kawo ruwa, raina ya ɓaci ƙwarai.

Can sai Sadiƙ, wanda ke ta kokawa da sandunan cin taliya, ya ɗago ya ƙare wa tsohuwar kallo.

"Anti Maryam, wai wannan ce matar tawa da ake cewa tana jirana? Gaya mata na fasa. Ta tsufa, haƙoran ma saura uku. Na sake ta!"

Hajiya ta tuntsire da dariya har ta ƙware, Ummi ta kife a kan cinyarta. Ni kuwa na shiga neman yadda zan sanyaya ta. A gida wannan wasan jika da kaka ne, amma a nan ka dubi tsohuwa ka ce ta tsufa ba haƙori? Na gyara murya na ce, "Ya ce gidanki ya yi kyau."

Popo ta zuba min ido. "Gidana ne ya sa matar nan hawaye don dariya? Yarinya, a kasuwar kifi na tsufa, na san mai ƙarya. Faɗi abin da ya ce."

Na yi bisimilla na faɗa, ban rage komai ba. Na ƙara da cewa a wajenmu jika namiji mijin kakarsa ne na wasa, kuma ba mai yi wa tsohuwa haka sai jikanta.

Ta dubi Sadiƙ, ta dube ni. "Baƙo ba ya yi?"

"Baƙo ba ya yi, Popo."

Ta ajiye kofin shayi, ta taso da saurin da ban zata ba, ta damƙi kunnen Sadiƙ. "Gaya masa ni na riga shi saki! Namijin da bai iya riƙe sanduna ba, da me zai ciyar da ni?"

Jama'a, falon nan ya hargitse! Sadiƙ na ihun a rabu da kunnen maigida, Ummi ta ce ai ko tsawon kafaɗarta Popo ba ta kai ba, Popo ta ce su auna yanzu-yanzu. Hajiya na share hawaye tana cewa, "Fassara, Maryam, kar ki rage ko ɗaya!" Awa biyu na yi ina kai tsiya ina dawo da tsiya, muryata ta dishe, cikina ya ƙulle don dariya.

A bakin ƙofa Popo ta kama hannun Hajiya da hannu biyu. Ta ce, "Gaya mata 'yata ma haka bakinta yake, ba ta raga min ko sau ɗaya. Na gode da ba ta cire musu wannan ba." Na fassara wa Hajiya, ban rage komai ba.

Da na ba Lawban labari ranar Litinin, ya yi dariya ya ce kada dai in gwada haka a Baima. Ban gwada ba. Amma ku riƙe wannan: sanyaya magana na ciniki ne. Ranar da kuka tsaya tsakanin 'yan uwa, ku kai ta yadda ta fito, domin da Popo ta yarda da ƙaryata, da yaran nan sun koma Kano suna cewa sun gaida wata tsohuwa.