Ranar Da Na Kwaikwayi Mahaifina A Gaban Mata

Ina 'yar shekara tara a lokacin, ina aji uku a firamaren garinmu Kibiya, kuma duk unguwa an san ni da surutu da iya kwaikwayon mutane. Shekarar da aka fara Shari'a a Kano ce. Mahaifina direban babbar mota ne, yana ɗaukar gyaɗa daga kasuwannin Rano da Kibiya zuwa birni. Mutum ne mai kwarjini, in ya yi gyaran murya a zaure har kaji sai sun natsu. Ni ce 'yar lelensa, shi ya sa da na dame shi da kuka wata Asabar, ya ɗora ni gaban mota muka tafi Kano tare.

Mai sayen gyaɗar wani baƙo ne farar fata daga ƙasashen Larabawa. A wautata na ɗauka duk Balarabe sharifi ne, har ina ɗokin ba ƙawayena labari. Da muka shiga harabar gidansa, Baba ya yi sallama ya miƙa hannu biyu. Mutumin ya ba shi kan yatsu kawai, nan take ya zaro hankici ya goge su a gabanmu. Ga kujeru, amma ƙasa ya nuna mana da baki, Baba ya tsuguna. 'Yarsa, sa'ata, ta zo ta murza yatsa a damtsena tana duba ko baƙin zai fita, uwarta ta finciko ta tana faɗa da gurɓatacciyar Hausa wai kada ta taɓa ƙazanta. Da Baba ya roƙa mini ruwa, a tsohon gwangwanin tumatir aka kawo, wanda aka ware domin baƙaƙe irinmu. Ban taɓa sanin launin fatata abin magana ba ne sai ranar.

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne ban ji haushin mutumin ba, Baba ne na raina. A hanyar dawowa ya saya mini rake a Bunkure. Washegari matan gidanmu da na maƙwabta suna ɓarar gyaɗa a tsakar gida, suka ce in ba su labarin birni. Ni kuwa abin nema ya samu. Na miƙe na kwaikwayi komai, miƙa hannun, goge yatsun, da yadda Baba ya tsuguna yana ranka ya daɗe da murmushin dole. Aka yi ta shewa, wata har da riƙe ciki. Innata kaɗai ba ta yi dariya ba, idonta na kan ƙofar zaure. Da na waiga, Baba na tsaye da buta a hannu. Ya dube ni, ya juya ya fita.

Bai doke ni ba, bai yi mini faɗa ba, da ma dukan ya yi. Labari ya fita, kafin mako ya zagayo samarin tasha sun kama, in ya wuce sai su riƙa goge yatsu a riga. Ya daina zama a majalisar ƙofar masallaci. Sai da na yi wayo Inna ta gaya mini ya daɗe yana haɗiye wannan wulaƙancin domin mu ci mu yi karatu, bai taɓa faɗa wa kowa ba sai ita. Kullum ina cewa gobe zan roƙi gafararsa, kunya tana hana ni, har Allah Ya karɓi abinsa ina aji biyu a sakandare.

Na fahimci cewa abin kunya yana kan mai wulaƙanta mutum saboda launin da Allah Ya ba shi, amma na fahimta a makare. Iyaye, in yaro ya ga irin wannan, ku zaunar da shi tun a ranar ku yi masa bayani, don yaro bayan mai ƙarfi yake bi. Ku kuma masu iyaye a raye, kada ku jira gobe. Baƙon nan a bayan katanga yake wulaƙanta mahaifina, inda babu wanda ya san shi. Ni ce na ɗauko abin na kawo masa har cikin gidansa.