Sakiyar da Nomau Ya Yi wa 'Yarsa

Waɗanda suka san Nomau wanzamin Tirmini a tsufansa sun san shi yana aski da hannun hagu, na daman kuwa kullum cikin riga. In yara suka tambaya, sai manya su ce su je su yi wasa.

Da can ba haka yake ba. Ya gaji zabira daga ubansa, kuma daga Tirmini har Takieta babu mai hannunsa a sakiya. Zai sa ƙarfe a wuta ya yi ja, ya huda kumburi, mugunya ta fita, mutum ya tashi. Babban yatsansa ne ke gaya masa in kumburi ya nuna.

'Yarsa Larai da shawara ta zo duniya. Idonta ya yi rawaya, ya washe, ya sake komawa. Tana shekara huɗu wani ƙullutu ya taso mata a ƙasan haƙarƙarin dama. A shekarar ƙuri'ar "i" ko "a'a" ta zamanin mulkin Faransa, uwarta Shatu ta ɗora ta a jaki zuwa Damagaram, Nomau na biye, ba da son ransa ba.

A asibiti lokotoro, wato likita, ya latsa cikin, ya yi magana, tafinta ya juya: "Hanyar ruwan maɗaciyarta ce ta buɗe kamar gora tun haihuwa. Wataƙila 'yan jijiyoyin da ke matse ta ba su gama tofowa ba. Sai an kai ta Yamai an yi mata aiki. Kada kowa ya taɓa wurin."

Kada kowa. Wannan ce Nomau ya riƙe har gida. Gidan aska, a ce askar baƙo za ta shiga jininsu?

Da hantsi ya taɓa ƙullutun, ya ji ya yi laushi. Ya hura wuta.

"Maigida, ba ka ji abin da aka ce ba?"

"Na ji. Shi nawa ya huda? Ni na fi ɗari. Ya nuna, Shatu."

"To fara huda ni!"

Ta kama hannunsa da haƙori. Ya make ta, bakinta ya daki gindin rumbu, haƙora biyu suka faɗi ƙasa. Ya matse Larai tsakanin gwiwoyinsa. Ta ce, "Baba, da zafi?" Ya ce, "Kaɗan, uwata."

Ƙarfen ya shiga da ƙara, ƙaurin nama ya cika gida. Nomau ya tara ƙoƙo yana jiran mugunya. Ruwa ne ya fito, kore shar, irin wanda mahauta ke tsoron ya taɓa nama.

Kwana uku ta yi, cikin ya sandare kamar ganga. Ran na huɗu aka nemi farin ƙyalle kamu biyu.

Da aka dawo daga maƙabarta, maƙwabta suka ga hayaƙi a gidan da ba a girki. Ba a ji ihu ba. Sai dai an sake jin ƙaurin nan, kuma babban yatsan da ke sanin nunar kumburi bai sake sanin komai ba.

Shatu ba ta fita daga auren ba, ba ta kuma ƙara dariya da baki buɗe ba. Nomau ya rayu har ya tsufa, duk shekara yana yi wa samari askin bikin 'yancin kai. Duk uwar da ta kawo masa yaro mai rawayan ido, ba ya buɗe zabira. Jakinsa yake kwancewa, ya ce, "Hau, sai asibitin Damagaram. Da sauran rana."